Tambaya da Amsa: Idan Aka Turo Maka Ɗan Koyo Ajin Sifaniyanci

A makarantun sakandaren Kamaru masu bin tsarin Faransanci, yaro kan zaɓi harshen waje na biyu idan ya shiga ajin 4e, wato shekararsa ta uku a sakandare, kuma Sifaniyanci na cikin waɗanda aka fi zaɓa. Ga Ikwatoriyal Gini nan maƙwabciya, inda shi ne babban harshen hukuma. Malaman da ke koyar da shi suna fitowa ne daga manyan makarantun horar da malamai, irin ta Yawunde da ta Marwa wadda aka kafa tare da jami'ar garin a 2008, kuma kafin a ba ɗalibi takardar shaida sai an tura shi wata makaranta ya tsaya gaban allo, tsohon hannu yana kula da shi. Wasiƙun wannan fitowa duk a kan wannan zaman ne, wasu daga masu kulawa, wasu daga 'yan koyon.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina koyar da Sifaniyanci, amma bana ne aka fara turo mini ɗan koyo. Zai yi mako takwas. Azuzuwana biyar, har da 3e, 'yan shekara ta huɗu, masu jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare. In ba shi alli tun ranar farko, ko in zaunar da shi ya yi ta kallo? Abokan aiki kowa da abin da yake ce mini.
Wata malama daga Garwa

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ko ɗaya kada ki yi. Wanda aka damƙa wa aji tun ranar farko, yadda aka koyar da shi a jami'a zai kwaikwaya: ya cika allo da nahawu, ya yi ta zuba bayani, yara su yi ta kwafa. Wanda kuma aka zaunar mako uku ba a ce masa ga abin da zai duba ba, gyangyaɗi zai yi a bencin baya, yara su ɗauke shi baƙo, ranar da ya miƙe ba mai saurarensa.

Ki fara da zama na awa guda kafin ya taka aji. Ki ba shi jadawalin darussa, da tsarin abin da za a koyar a zangon, da littafin da kuke bi, da sunayen yaran ajin da zai fara riƙewa. Ki faɗa masa dokokinki ƙarara: ƙarfe nawa ake isowa, me ake yi wa wanda ya makara, wa ke ba da izinin fita, kuma hukunci mai nauyi da maganar iyaye suna hannunki har ya gama. A zaman nan ki ware minti goma ki yi hira da shi da Sifaniyanci zalla, a kan garinsu ko karatunsa. A nan za ki ji inda harshensa ya tsaya. Akwai mai kyan rubutu da bai iya sakin baki ba, akwai mai sakin baki da rubutunsa ke cike da kurakurai, kuma kulawar da kowannensu ke bukata daban ce.

Ranar da za ki gabatar da shi, ki ce ga Malam wane, tare za mu riƙa koyar da ku. Kada ki ce ya zo gwaji. Yara za su gane da kansu, amma matsayin da kika ba shi a gabansu shi za su ba shi.

Makon farko na kallo ne, sai dai kowace rana da aikin da zai yi. Yau ya rubuta duk umarnin da kika bayar, kalma bayan kalma. Gobe ya zana taswirar ajin, ya ɗiga alama a kan duk yaron da ya buɗe baki da Sifaniyanci, ya ga da idonsa yadda bencin gaba ke cinye magana. Jibi ya riƙe agogo ya rubuta minti nawa kowane sashe ya ci. Idan yara suna aikin rubutu, ya tashi ya zaga, ya fara riƙe sunaye. A mako na biyu ki yanka masa minti 10 zuwa 15 daga darasinki, kamar bitar farko ko gyaran aikin gida. A na uku ya ɗauki darasi cikakke wanda kuka shirya tare. Daga na huɗu zuwa na bakwai azuzuwa biyu su zama nasa, shi ke shiryawa, shi ke duba takardu. Na takwas na mayarwa ne: ya rubuta miki inda ya tsaya a kowane aji, ya shiga ajin wasu malamai ya ga wani salon.

Ajin 3e ki riƙe abinki, yaran da jarrabawa ke gabansu ba su da makon da za a yi gwaji a kansu. Ki ba shi 4e ɗaya da 2nde ɗaya, wato ajin da ke bin 3e. A 4e zai koyi sauƙaƙa magana har mai kalma hamsin ya gane, a 2nde kuma zai koyi amsa tambayar da bai shirya mata ba.

Shirin darasi ya iso hannunki kwana biyu kafin ranar. Abu uku za ki duba. Na farko manufa: idan ya rubuta “pretérito indefinido”, wato shuɗaɗɗen lokaci, ki mayar masa, wannan sunan babi ne. Ya rubuta abin da yaro zai iya yi idan aka kaɗa ƙararrawa, misali ya faɗi abu uku da ya yi jiya. Na biyu, ainihin jimlolin da zai ɗora a allo. Na uku lokaci, domin kusan kowane ɗan koyo kan shirya kayan minti 90 a darasin awa guda, ko kuma kayansa su ƙare da sauran minti 20 ya tsaya yana kallon rufi. Ki sa ya yi wa sashe ɗaya alamar “wanda za a bari in lokaci ya ƙure”, ya kuma ajiye ƙaramin aiki na minti biyar a aljihu.

Daga mako na biyar ki riƙa fita na minti 10 zuwa 15, ki tsaya inda za a same ki. Yana bukatar ya ji yadda ajin yake idan ba idonki. Amma alhakin yaran yana wuyanki har yanzu, don haka ba lokacin zuwa kasuwa ba ne.

Tambaya: Ɗan koyon da ke hannuna ya iya Sifaniyanci sosai, amma da ya shiga aji sai ya koma Faransanci daga farko har ƙarshe. Yara 85 ne, darasin minti 55, kuma sai a tashi ba a fi yara biyar da suka furta jimla ba. Na ce masa ya rage surutu, ya ce to, bai sake ba.
Wani malami daga Marwa

Amsa: Malam, “rage surutu” ba abu ne da zai iya kamawa da hannu ba, shi ya sa ya ce to ya ci gaba. Ka ba shi lissafi. Ka zauna a baya da agogo da takarda mai gida uku: malami da Faransanci, malami da Sifaniyanci, yara da Sifaniyanci. Duk minti ɗaya ka ɗaga kai ka ɗiga alama a gidan da ya dace. Bayan darasi ka miƙa masa takardar ba tare da sharhi ba. Mutum kan yi gardama da ra'ayi, amma da wuya ya yi gardama da alama 40 a gida ɗaya da 4 a wani.

Ƙungiyar malaman harsunan waje ta Amurka ta fitar da matsaya a 2010 cewa a riƙa amfani da harshen da ake koyo kashi 90 cikin 100 na lokacin aji ko fiye. Buri ne mai kyau, amma kada ka ɗora masa shi dare ɗaya a ajin mutum 85. Ku fara da maganganun da ake maimaitawa kullum. Ku zaɓi kamar 15, irin su “Escuchad”, “Repetid”, “Abrid el libro”, “En parejas”, da waɗanda yara za su riƙa faɗa: “No entiendo”, “¿Puede repetir?”, “¿Cómo se dice...?”, “¿Puedo salir?”. A rubuta su a kwali a manna a bango. Daga ranar, waɗannan ba a sake faɗinsu da wani harshe. Umarni kada ya wuce kalma takwas, ya nuna shi a aikace da yaro ɗaya, sannan ya sa wani yaron ya faɗa wa aji abin da za a yi da harshen da ya fi masa sauƙi. Ka hana shi tambayar “¿Entendido?”, domin amsarta “sí” ce ko an gane ko ba a gane ba.

Abin da ke mayar da shi Faransanci shi ne tsoron shiru. Ya yi tambaya, ba a amsa nan take ba, sai ya fassara, sai ya amsa wa kansa. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna wannan a azuzuwan kimiyya a shekarun 1970, ta ga malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal bayan tambaya, kuma idan jiran ya kai daƙiƙa uku amsoshi kan yi tsawo, masu amsawa su ƙaru. Yaron da zai haɗa jimla da baƙon harshe ya fi bukatar haka. Ya ƙirga biyar a zuci kafin ya kira suna, kuma tambaya ta riga suna fita, don kowa ya yi tunani.

Sai maganar yawa. Idan ya ware minti 20 yana tambayar yara ɗaya bayan ɗaya, rabin lokacin shi ke magana, saura minti 10, a raba wa 85, kowa ya samu daƙiƙa bakwai. Idan kuwa suka juya biyu-biyu na minti shida, kowa ya samu minti uku. A bencin mutum uku, biyu su yi hira, na ukun ya saurara, shi za a tambaya abin da suka ce. Abin da ke ɓata wannan aikin iri biyu ne: ba a bar samfurin tambaya da amsa a allo ba, sai yara su koma hirar gida, ko kuma ba a yi yarjejeniyar alamar tsayawa ba, sai malami ya yi ta ihu. A koya musu tun farko, in malami ya ɗaga hannu kowa ya ɗaga nasa ya yi shiru. A kuma sanar da malamin ajin maƙota cewa za a ji hayaniya.

Ga yadda darasin “gustar”, kalmar faɗin abin da ake so, zai iya tafiya a minti 55. Biyar na bita. Goma malami yana nuna kaya na zahiri, mangwaro da gyaɗa da ƙwallo, yana cewa “Me gusta el mango”, “No me gusta el té”, “Me gustan los cacahuetes”, fuskarsa tana nuna so da ƙi. Takwas aji na maimaitawa, layi-layi sannan ɗaiɗai. Biyar na ƙa'ida a allo: “gusta” da abu ɗaya, “gustan” da abubuwa da yawa. Sha biyu na hirar biyu-biyu. Goma kowa ya rubuta jimla biyar a kan abokinsa, “A mi amigo le gusta...”. Biyar na dubawa da aikin gida. A minti biyar ɗin ƙa'ida ne harshen gida ke da amfani. Yara za su ce “yo gusto el mango” saboda Faransanci ya saba musu da “j'aime”. Bahaushe kuwa yana cewa mangwaro yana mini daɗi, kuma ginin ke nan daidai: mangwaron ne mai aiki, ni ake yi wa. Rabin minti na wannan ya fi shafi guda na bayani. Tunda ajin ba Hausawa zalla ba ne, ya tambayi masu Fulatanci da sauran harsuna yadda suke faɗa, sannan a koma Sifaniyanci.

Tambaya: Ina zaune a baya ɗan koyo ya rubuta “Cuando seré grande” a allo, yana nufin idan na girma, yara suka fara kwafa. In tsayar da shi a gabansu, ko in bari a tashi?
Wata malama daga Ngaundare

Amsa: Malama, a raba kuskure gida uku. Tuntuɓen harshe a cikin magana, ki rubuta ki bari sai bayan darasi. Salon koyarwa da bai yi miki ba, shi ma ki bari. Amma abin da zai shiga littafin yara dole a gyara kafin su fita, kuma shi zai gyara da hannunsa. Ku yi yarjejeniya tun farko: in kin ɗaga biro, ya sake karanta allo. In bai gani ba, ki jira yara su duƙufa a rubutu, ki zo kamar mai zagawa ki ajiye masa 'yar takarda. Sai ya ce “Hay un error en la pizarra. ¿Quién lo encuentra?”, ya gyara zuwa “Cuando sea mayor”, ya tabbatar kowa ya soke na farkon. Ajin ya ƙaru, shi ma girmansa bai zube ba. In kika ƙwace alli a gabansu, daga ranar duk abin da ya faɗa sai sun waiwayo sun kalli fuskarki.

Wannan kuskuren Faransanci ne ya haife shi, domin can ana sa aikatau mai zuwa bayan “quand”, Sifaniyanci kuwa “subjuntivo”, sigar aikatau ta fata ko abin da bai tabbata ba, yake so bayan “cuando” in ana maganar gaba. 'Yan'uwansa sanannu ne, ki neme su a shirin darasi tun kafin su hau allo: “soy llegado” maimakon “he llegado”, “veo mi madre” ba tare da “a” ba, “quiero del pan” maimakon “quiero pan”. Sai jinsi, inda harsunan biyu suka saɓa: “la leche”, “la sal”, “la sangre”, “la nariz” duk mata ne a Sifaniyanci, “el color”, “el dolor”, “el calor” maza. Sai kalmomi masu kama da juna da ma'ana daban: “salir” fita ne, “subir” hawa ne, “entender” fahimta ce, “largo” dogo ne, “nombre” suna ne. Alamar kan wasali ma ba ado ba ce, “hablo” ina magana, “habló” ya yi magana. Ya haddace ƙa'idar: in nauyin kalma yana gaɓar ƙarshe, ana sa alama idan ta ƙare da wasali ko n ko s, in yana ta biyun ƙarshe, ana sawa idan ba ta ƙare da waɗannan ba, in yana ta ukun ƙarshe, kullum ana sawa.

Ya buɗe ƙaramin littafi na kurakuransa, biyar a mako, ku duba tare. In kin ga harshen nasa bai kai matakin B2 ba a ma'aunin Turai mai matakai shida daga A1 zuwa C2, ki ɗora masa minti 20 kullum na sauraren rediyon Sifaniyanci ta intanet, da karanta nassin gobe da ƙarfi a gida.

Wuri ɗaya ne za ki shiga tsakani nan take ba jira: in ya ɗaga hannu zai doki yaro, ko yana tozarta shi. Dokar ilimi ta Kamaru ta 1998 ta haramta duka a makaranta, kuma ke ce mai ajin.

Tambaya: Ni ɗan koyo ne. Na saba furta z da c kamar s, kuma “ustedes” nake cewa maimakon “vosotros” in ina nufin ku. Malamin da ke kula da ni ya ce wannan ba ingantaccen Sifaniyanci ba ne. Da gaske ne?
Wani ɗalibi daga Yawunde

Amsa: Ɗan'uwa, lafazinka ingantacce ne. Haka ake furtawa a duk Latin Amurka, har da Meziko wadda ta fi kowace ƙasa yawan masu harshen, da tsibiran Kanari da wani ɓangare na kudancin Sifaniya, kuma jarrabawar DELE ta shaidar iya Sifaniyanci, wadda cibiyar Cervantes ta Sifaniya ke shiryawa, ba ta kayar da mutum a kansa. Amma malaminka yana da hujjar da ta shafi aji. Yaran sun saba da lafazinsa, littafinsu mai yiwuwa yana da “vosotros”, kuma a shifta in ka furta “casa” gida da “caza” farauta iri ɗaya za su ruɗe. Kada ka ja da shi a gaban kowa. Ka same shi ka ce, Malam, a shifta zan bi naka lafazin, zan kuma koyar da “vosotros” yadda yake a littafi, a bar ni da nawa a hira. Ka faɗa wa yara sau ɗaya cewa duka biyun suna nan a duniya, kuma kada ka riƙa gauraya su a jimla guda.

Ƙarfinku ku kai shi inda ma'ana ke lalacewa. Yaro Bahaushe kan haɗa p da f, sai “puente” gada ta zama “fuente” maɓuɓɓuga, “pila” ta zama “fila”. Ku sa su fuskanci juna: p leɓe biyu a rufe, f haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, aboki yana kallon baki yana faɗin wadda ya gani. Faransanci kuma ya bar musu r ta maƙogwaro, da u mai tsuke baki, da jan nauyi zuwa ƙarshen kowace kalma. Maganin r yana bakinsu tun daga gida: ta “perro” ita ce ta sharri da jarrabawa, ta “pero” bugu ɗaya ce kamar ta tara ta ƙirga. Wanda ya yi makarantar allo kuma ya riga ya iya j, sautin خ ne, z ta Sifaniya kuma ث ce. Minti uku a farkon kowane darasi sun isa.

Tambaya: Na koyar da “ser” da “estar”, kalmomi biyu na kasancewa. Na ce na farko na abu mai ɗorewa ne, na biyu na mai wucewa. Wata yarinya ta ce, to me ya sa ake cewa “está muerto”, wato ya mutu? Na rasa amsa, a gwaji kuma rabin ajin suka faɗi.
Wata ɗaliba mai koyon koyarwa daga Kusiri

Amsa: Ƙanwata, yarinyar ta yi gaskiya, ki yaba mata a gaban aji. Ƙa'idar ce gurguwa. “Soy estudiante” abu ne mai wucewa amma “ser” ya ɗauka, “Garua está en Camerún” ba ya gusawa amma “estar” ya ɗauka. Faransanci ba zai taimake ki ba, “être” ɗaya gare shi. Hausa kuwa ta riga ta raba. Inda muke cewa ne ko ce, malami ne, doguwa ce, ɗan Kamaru ne, nan “ser” yake. Inda muke cewa yana kasuwa, tana zaune, ƙofa a buɗe take, nan “estar” yake, har da halin da abu ya wayi gari a ciki, ya gaji, ya mutu. Ba ko'ina suka yi daidai ba, misali wurin taro “ser” yake ɗauka, “la fiesta es en mi casa”, amma wannan ki bar shi sai gaba.

Ki sake darasin a rana uku. Ranar farko “ser” kaɗai: suna, ƙasa, sana'a, kama. Ta biyu “estar” da wuri kaɗai, ki ɗauki biro ki yi ta sauya masa mazauni kina tambaya “¿Dónde está?”. Ta uku “estar” da hali: “cansado”, “enfermo”, “abierto”. Sai a rana ta huɗu su haɗu, kowane yaro ya rubuta jimla huɗu a kan mutum ɗaya na gidansu, biyu da wannan biyu da wancan. Irin su “ser listo” da “estar listo” ba na yanzu ba ne.

Ki kuma duba yadda kike gyara musu. Wani bincike da Lyster da Ranta suka wallafa a 1997, a kan azuzuwan Faransanci a Kanada, ya nuna fiye da rabin gyaran malamai maimaita jimlar yaro ne a gyare, kuma wannan salon ne ya fi ƙarancin sa yaro ya gyara da bakinsa. In yaro ya ce “soy en la clase”, kada ki ce “estoy en la clase” ki wuce, zai ɗauka amincewa kika yi. Ki ce “¿Soy?”, ki nuna ƙasa da yatsa, ki jira.

Tambaya: Saura mako uku, ɗan koyona yana da ladabi amma aikinsa da rauni. Ba na son in karya masa gwiwa, ga shi an fara aiko mini da roƙo a kan makin da zan ba shi. Yaya zan yi da rahoto?
Wani malami daga Garwa

Amsa: Malam, mako uku suna da yawa in an yi aiki da su. Bayan kowane darasi da ka kalla, ku zauna a ranar, minti 20 zuwa 30, ku biyu, ba a ɗakin malamai ba. Shi zai fara magana. Ka tambaye shi me ya so yara su iya, kuma da me ya san sun iya. Ka karɓi littattafan yara biyar, biyu daga gaba, ɗaya daga tsakiya, biyu daga baya, ku buɗe tare. Ka faɗi abin da ka gani da lokacinsa: daga minti na 12 zuwa na 30 kai kaɗai ke magana, layin taga ba wanda aka kira. Ka ambaci abu ɗaya da ya yi daidai da dalilin da ya sa ya yi aiki, don ya maimaita shi da sani. Sannan gyara ɗaya, in ya yi yawa biyu. Takardarka za ta cika da goma, amma wanda aka ɗora wa goma ba ya sauke ko ɗaya. Ya rubuta gyaran da hannunsa, a darasi na gaba shi kaɗai za ka duba. In abin ya ƙi, ka karɓi ajin na minti goma ka nuna masa, washegari ya gwada a ɗayan ajin.

Yau ɗin nan ka faɗa masa gaskiyar inda yake, a rubuce, da abu uku da dole ka gani kafin ƙarshe, misali shirin darasi a kan lokaci, allo ba kuskure, da aƙalla minti 10 na maganar yara a kowane darasi. Ka sanar da malamin da ke bibiyarsa daga makarantarsu yanzu, kada ya fara ji a rahoto.

Wajen maki, ka bambanta mai rauni da ke motsawa da wanda ya tsaya cik. Wanda aka yi wa gyara ranar Litinin aka ga alamarsa ranar Alhamis zai zama malami, ko da yanzu yana tangal-tangal, kuma ya kamata rahoto ya faɗi haka. Wanda yake zuwa ba shiri, yake maimaita kuskure ɗaya bayan an nuna masa sau uku, ladabinsa ba zai koyar da yara 80 Sifaniyanci ba, kuma su ne za su biya kuɗin alfarmar shekara da shekaru. Masu roƙo ka karɓe su da mutunci, ka ce musu takardun kallon darasi ne za su ba da maki, kuma ɗan koyon ya san abin da ke cikinsu. A rahoton ka kauce wa kalmomi irin su “mai ƙoƙari” ko “rago”. Ka rubuta kwanan wata, da aji, da abin da ya faru, da abin da aka ce ya gyara, da abin da aka gani bayan haka. Ka karanta masa shi kafin ka sa hannu, ka ba shi dama ya yi magana, ka kuma ajiye kwafi a wurinka.